Gadar Siminti a Ɗakin Ɗinkin Umma

Babanmu bai taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba, ko ƙusa ɗaya bai taɓa bugawa a layin dogo ba. Duk shekarun da ya yi a tashar jirgi, a bayan wata 'yar taga ya yi su yana yagar tikiti. Amma tun da ya yi ritaya ya raɗa wa kansa suna Injiniya, kuma duk wanda ya kira shi da wani sunan sai kunnensa ya toshe nan take.

Abin da ya ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne ƙungiyar da ya shiga ta tsofaffin ma'aikata masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa. Kowannensu yana da faffaɗan katako da ya shimfiɗa wa siririn dogo, ya kewaye shi da 'yan gidaje da bishiyoyi da duwatsu, komai a ƙanƙance, ga ɗan jirgi yana zagayawa da lantarki. Kada ka kuskura ka ce wasan yara ne a gabansu.

Na Baba a kan teburin cin abinci ya fara. Da ya girma sai ya rarrafa ya shiga ɗakin ɗinkin Umma, wai na kwana biyu. Kwana biyun nan suka yi 'ya'ya har da jikoki. Keken ɗinkin Umma ya koma lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda duk mai wucewa sai ya ce mata ta ɗan matsa, masu kawo ɗinki kuma a tsaye suke gwada kaya, igiyar shanya tana shafar kansu.

Wata rana da hantsi Baba ya dawo daga taron ƙungiya yana taku kamar an ba shi kyautar tashar gaba ɗaya. Amininsa Mai Agogo, shugaban ƙungiyar, yana biye da shi.

"Uwargida, ajiye almakashi ki saurara," in ji Baba. "Za a yi baje koli a zauren tsohuwar tasha, kuma gada zan gina. Gadar mota wadda ta haye dogo. Jirgi ta ƙasa, motoci ta sama."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Umma, allura a bakinta. "Ɗaga ƙafarka, yadin mutane ka taka."

Mai Agogo ya ce, "Ai abu ne mai sauƙi, mutumina. Ka sami kwali mai kauri, ka yanka, ka shafa masa fenti ruwan toka, ka ɗan yayyafa yashi. Daga nesa ba mai bambanta ta da ta gaske."

"Kwali?" Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Kwalin sabulu? Ku ne kuke zubar wa sana'ar nan mutunci. Gadar kwali, dutsen soso, kogin leda! Ni tawa ta gaske ce. Siminti na gaske, rodi na gaske, kwalta ta gaske. In ka ga dama ka hau ta da ƙafarka."

"To kejin kajin da ka gina bara fa?" in ji Mai Agogo.

"Kajin ne ba su iya zama ba."

A nan ne Umma ta zare allurar daga bakinta. "Maigida, mu yi magana a gaban shaida. Idan jirginka ya wuce ƙarƙashin gadar nan a gaban jama'a lafiya lau, ɗaki ya zama naka, ba zan sake ɗaga maganar ba. Idan kuwa bai wuce ba, kekena zai koma inda ka same shi."

"Shi ke nan sharaɗin?" Baba ya yi dariya har da tafa hannu. "Ki fara yi wa lungun nan labule, don kin zauna ke nan."

Washegari ya ari tef ɗin awon Umma ba tare da ya gaya mata ba, ya nufi babbar gadar da ke bakin gari. Tef ɗin tela gajere ne, don haka sai ya auna ya yi alama da alli, ya matsa ya sake aunawa, yana rarrafe a gefen titi masu mota suna yi masa hon. Mutane suka taru. Wata mai sayar da lemo ta tambaye shi ko rushe gadar za a yi.

"Ana nazari," in ji Baba, ya sha mur.

Kafin azahar labari ya cika unguwa cewa za a rufe gada. Shi kuwa ya leƙa ta kan shingen ƙarfe yana zura igiya don ya san zurfin wurin, sai ga jirgin kaya ya taho da iskarsa. Hularsa ta tashi, ta yi juyi ɗaya a sama, ta sauka daram a kan wani tarago, ta yi gaba.

Da ya dawo da sanƙo a rana, Mai Agogo ya yi dariya har ya zauna a bakin ƙofa. "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana yanka wa mutane tikiti, yau ga hularka ta tafi yawon duniya a kyauta!"

"Aike na yi da ita," in ji Baba.

Aiki ya kankama. Ya ɗebe dogon da ke wurin da gadar za ta tsaya don kada siminti ya ɓata shi. Sannan ya tsayar da kan jirgin a kan katako tsirara, ya ɗora ɗan yatsa a saman bututun hayaƙinsa, ya ja layi da fensir.

"Nan ne tsayin gada. Yatsa ɗaya ya ishi kowane jirgi mai tarbiyya."

Ya kwaɓa siminti a robar wankin Umma. Ya zuba shi a dogon farantinta na gasa burodi don ya ba shi siffa. Saura rodi. Ya duba gidan kaf bai sami ƙarfe siriri ba, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwar baƙar lemar da ke rataye a bayan ƙofa.

Lemar nan ta daina tare ruwa tun kafin a haife ni, amma ba mai taɓa ta a gidanmu. Ta dalilinta iyayena suka fara magana. Ruwa ne ya tsare Umma a kan waccan gadar ta bakin gari tana budurwa, sanye da wata shuɗiyar riga, sai wani saurayi mai yagar tikiti ya miƙa mata lemarsa, shi ya tsaya a fili yana jiƙewa yana yi mata bayanin jirage har ruwan ya ɗauke. Umma takan ce ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ta lura bai matsa ya nemi inuwa ba.

Baba ya zare wayoyin lemar ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa su da ƙarfin tsiya, ya danna su cikin siminti.

Da Umma ta ga sandar lemar tsirara a jingine, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta ɗauke ta, ta juya ta a hannu, ta ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Ranar ko kallon gefensa ba ta sake yi ba, ƙarar kekenta kawai muke ji kamar zai tashi sama.

Siminti ya bushe, ya ƙi rabuwa da faranti. Baba ya lallashe shi, ya bubbuga shi, ya zage shi, daga ƙarshe ya yanke farantin da almakashin ɗinki. Faranti ya mutu, almakashi ya bi shi. Amma gada ta fito, kuma gaskiya ta yi kama da gada. Ya ɗora ta a kan ginshiƙai biyu, ya kira maƙwabta su zo su ga ikon Allah.

Kafinta, maƙwabcinmu na jikin katanga, ya zagaya ta yana shafa gemu. Matarsa ta leƙa ta ƙasa ta leƙa ta sama.

"Injiniya, ta yi kyau," in ji ta. "Amma motocin ta ina za su hau? Na ga titin daga sama ya fara, a sama ya ƙare. Ko masu fiffike ne?"

Baba ya dubi gadar. Lallai ga ta nan a tsaye ita kaɗai, ba hanyar hawa, ba ta sauka.

"Wannan kashi na biyu ne na aikin," ya ce. "Ba a nuna wa kowa zane gaba ɗaya."

Wurin da ya rage a katakon kaɗan ne, don haka hanyoyin hawan da ya gina suka miƙe tsaye kamar tsani. Su ma siminti ne zalla. Katakon ya fara yin ciki ta ƙasa.

"Maƙwabci, katakon nan fa yana kuka," in ji Kafinta. "Dubi tsakiyarsa ya lotsa."

"Kwari ne. Ka taɓa ganin ƙasa shimfiɗe kamar tabarma? Da gangan na yi."

Ya jera 'yan motocinsa a kan hanyar hawan. Ya saki hannu, suka gangaro gaba ɗaya suka watse a ƙarƙashin gado. Ya sake jerawa, suka sake gangarowa. Ya ce laifin rashin kwalta ne, kwalta ita ke riƙe mota.

Ya samo dunƙulen kwalta a wurin masu gyaran titi, ya jefa a tukunyar Umma, ya hura wuta a tsakar gida da rana tsaka. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya haye katanga. Kafin ka ce me, an fara ihun gobara a waje. Matar Kafinta ce ta fara faɗowa da bokiti, ba ta tsaya tambaya ba ta sheƙa masa tun daga sanƙo har silifas. Na bayanta ma bai so ruwansa ya tafi a banza ba.

Baba ya tsaya yana ɗiga, ludayi a hannu. "Wa ya ce muku gobara ce? Aikin titi ake yi!"

"To ka sa alama mana, ranka ya daɗe," in ji Kafinta. "Ko'ina in ana aikin titi ana sa alama."

Umma ta leƙo daga lungunta ta dubi tukunyar. "Roba, faranti, almakashi, tukunya. Maigida, in ka gama gadar ka gina mana kasuwa a gefenta." Ta koma ciki tana mita, wai ga ɓeraye ma sun sami akwatinta, sun yanke mata gefen tsohuwar shuɗiyar rigarta. Baba ya yi tari ya ce ɓerayen zamani sai addu'a.

Ya shafa kwalta a gadar, ya dasa motoci a ciki, suka tsaya cak. A tsakiyar gadar kuma ya kifa wani gwangwanin madara, ya ce sirrin injiniya ne a ciki, duk wanda ya ɗaga ba shi ba shi.

Ana gobe baje koli ya tuna da dogon da ya ɗebe. Da zai mayar sai ya ce ai dogon gaske ba a kan ƙasa tsirara yake kwanciya ba, a kan tsakuwa yake. Ya tankaɗe tsakuwa, ya shimfiɗa ta da kauri a ƙarƙashin gadar, ya ɗora dogo a kai, ya ja da baya yana sha'awar kansa.

"Mu gwada jirgin mana," in ji Mai Agogo.

"Gwaji na masu shakka ne. Gadar gaske ranar buɗewa ake hawanta."

Fitar da katakon daga ɗaki ma labari ne. Ƙartin unguwa suka kama, suka nisa, suka ajiye. Ƙofa ta yi kaɗan, sai da Kafinta ya cire ta. Aka ɗora a baro biyu aka tura, Baba yana gaba yana korar mutane da hannu, sanye da sabuwar hula da ya ɗaure da zare a haɓa.

Zauren tsohuwar tasha ya cika. Ga teburan 'yan ƙungiya a jere, kowa da duniyarsa ta kwali da soso, jirage suna zagayawa shiru abin sha'awa. Aka ɗora na Baba a kan benci biyu, tsakiyar tana lilo, kwarin ya ƙara zurfi. Baba ya sa aka jawo babbar fitila aka saita ta daf da gadar don kowa ya gani da kyau. Umma ta zo, ta zauna a layin gaba, jakarta a cinya.

Baba ya yi gyaran murya ya fara jawabi. Ya yi bayanin siminti. Ya yi bayanin rodi, bai dai faɗi inda ya samo shi ba. Ya ce akwai masu gina gada, akwai kuma masu naɗe kwali, kuma ba zai kama suna ba. Yana magana fitila tana aikinta. Kwalta ta fara sheƙi, ta yi laushi. Wata 'yar jar mota ta fara zamewa baya a hankali kamar mai jin kunya.

"Injiniya, motarka tana komawa gida," wani ya faɗa daga baya.

"Ribas take yi. Direban ya yi mantuwa."

Ya murɗa makunni. Jirgi ya tashi da taragunsa, ya wuce 'yar tasha, ya sha kwana lafiya, mutane har sun fara tafi. Sai ya iso bakin kwari. Ya sunkuya ya kwaso gudu kamar an biyo shi, ya hau kan tsakuwar nan mai kauri wadda ta cinye yatsa ɗayan Baba har da ƙari.

Ƙwas!

Bututun hayaƙi ya daki cikin gadar, ya cusa kai, ya maƙale. Ƙafafun jirgin suna ta juyawa a wuri ɗaya suna zuuu, taragu sun cunkushe a baya.

Wata tsohuwa ta fashe da dariya, kowa ya bi.

"Tsayawa ya yi ɗaukar fasinja," in ji Baba, zufa tana bin wuyansa.

"A ƙarƙashin gada?" in ji Mai Agogo. "Wa ya yanka musu tikiti?"

Baba ya ƙure makunni har ƙarshe. Jirgi ya yi kuka bai motsa ba. Ya tura shi da yatsa, yatsan ya dawo da kwalta. Ya goge a hula, hula ta manne a hannun. Ya fizgi sukundireba daga aljihun Mai Agogo, ya zura a ƙarƙashin gadar.

"Ɗan ɗagawa kaɗan take so. Ku matsa, aikin masana ne."

"Maƙwabci, kada ka..." in ji Kafinta.

Ya danna. Siminti ya ce ƙaras, ya tsage a tsakiya. Wayoyin lemar nan da aka lanƙwasa da ƙarfin tsiya suka tuna aikinsu na asali, suka buɗe gaba ɗaya. Gada ta rabe biyu ta yi sama, rabi hagu rabi dama. Motoci suka tashi kamar fara. Jar motar ta faɗa cikin kofin shayin wani dattijo, motar ɗaukar kaya ta sauka a ɗankwalin matar Kafinta, ginshiƙi guda ya gangaro ya sami babban yatsan ƙafar Baba. Gwangwanin madara ya yi tsalle ya yi ta gungurawa a ƙasa.

Jirgi kuwa da ya ji sarari sai ya fita a guje, ba bututu, ya kama zagaye kamar mahaukaci.

Baba yana tsalle da ƙafa ɗaya yana ihu, "Ya wuce! Jama'a ku shaida, ya wuce!"

"Ƙarƙashin me?" in ji Umma, ko murya ba ta ɗaga ba.

Baba ya dubi inda gada take. Ba komai sai wayoyi a tsaye suna rawa.

"Shugaba, kai ne shaida," ya ce da Mai Agogo.

Mai Agogo yana share hawayen dariya ya ce, "Mutumina, ni da kai tun muna samari, amma ɗaki na uwargida ne." Zauren ya ɗauki tafi, har da masu buga benci.

Sai matar Kafinta ta nuna da yatsa. "Kai, ku duba! Ashe da fasinjan!"

A kan rufin taragon farko, manne da dunƙulen kwalta, ga abin da gwangwani ya ɓoye. Wasu 'yan mutane biyu ne da aka sassaƙa da icce, ba su fi kan yatsa ba. Mace da shuɗiyar riga, riƙe da 'yar baƙar lema da aka yanko daga ƙyallen tsohuwar. Namiji a gefenta, a wajen lemar, hannu ɗaya a sama yana bayani. Sassaƙar ba ta da kyau ko kaɗan, kan namijin ya fi jikinsa girma. Suna ta zagayawa a kan jirgi, sun karkace amma ba su faɗi ba.

Umma ta miƙe. Ta zo bakin katakon ta tsaya, ta bar su suka wuce ta sau ɗaya tana kallo. Da suka sake zagayowa ta sa hannu ta cire su, ta goge kwaltar da gefen mayafinta.

"Ashe kai ne ɓeran," ta ce.

Baba ya sunkuyar da kai yana murza hular da ta manne masa. "A kan gadar ya kamata su tsaya. In jirgi ya zo wucewa sai in ɗaga gwangwanin."

"Ka yi masa kai kamar tulu."

"Ilimi ne ya yi masa yawa."

Umma ta juya baya don kada a ga bakinta, amma kafaɗunta sun tona ta. Ta buɗe jaka ta saka su a hankali, ta ce, "Taho mu tafi gida a duba ƙafar nan. Ka jingina da ni, Injiniya, ni ba da siminti aka yi ni ba."

Kafin magariba Kafinta ya mayar da ƙofa, keke ya koma ɗakinsa, masu kawo ɗinki suka sami kujera. 'Yan mutanen biyu suna kan taga, daidai inda Umma take ɗaga kai in za ta zura zare. Katakon Baba ya koma lungun tsakanin kicin da banɗaki, kuma yanzu shi ake ce wa ya ɗan matsa.

Da safe na same shi zaune a lungun, ƙafa a naɗe da bandeji, yana ƙwanƙwasa bangon ɗakin ɗinki da ɗan yatsa yana kasa kunne.

"Uwargida," ya ɗaga murya, "kin san bangon nan ba shi da kauri? In aka huda nan, jirgi zai shiga ta rami ya kawo miki zare har kan keke. Rami na gaske!"

Ƙarar keke ta tsaya. Umma ta fito, ta wuce shi, ta ɗauki guduma daga akwatin kayan aikinsa, ta koma ɗakinta da ita, ta murɗa makulli.